Daƙiƙa Goma Sha Ɗaya

Kaset ɗin ya zo daga Sabha a aljihun Kiyari direba,
shekarar da aka haife ni.
Wasiƙar baki ce, don Inna Cima ba ta karatu.
Shekara ashirin da shida yana kwance cikin kwanon samira,
ƙarƙashin turaren wuta da katin rigakafina.

Yau na juye shi cikin kwamfuta
a ɗakina na Garin Malam,
inda na jingine katifa da taga
don kada kukan kabu-kabu ya shigo.
Zafi ya cinye zaren. Abin da ya tsira
daƙiƙa goma sha ɗaya ne:
“Ku gaida yaron. Ku ce ina nan tafe bayan salla.”
Sai tari.
Sai wani a gefe yana zuba shayi daga sama.

Na ja muryar sama, mataki biyar,
Baba ya koma ɗan shekara tara
mai tallar gyaɗa a Kasuwar Dole.
Na yi dariya, kunya ta kama ni, na mayar.
Na tura ta ƙasa, mataki uku kacal,
ga dattijo nan cikin kunnena,
furfurar da bai kai ba ta tsiro a maƙogwaronsa.
A nan na daɗe,
hannuna kan linzami
kamar mai taɓa goshin majinyaci.

A da, in ka hanzarta zare, murya sai ta tsuke,
in ka sassauta, ta yi kauri kamar kunun da ya kwana.
Yanzu inji ya raba musu gida:
sauri daban, kaifi daban.
Sai na kama “ina nan tafe”
na miƙa ta yadda majema ke miƙa fata,
ta yi tsawo, muryar tana nan tasa.
Na kai ta daƙiƙa arba'in.
Bai iso ba.
Tsakiyarta ta soma hujewa, ƙananan ramuka masu ƙara.
Fata ce, tana da iyaka.

Murya ba ta tsayuwa a iska, sai da ƙasa.
Da hantsi na ajiye waya kusa da turmi
Inna na surfen gero, ba ta sani ba.
Na ɗora dakan a kan layukan awo,
inji ya ce ta makara:
kowane bugu na huɗu yana zuwa a baya,
da kaurin gashi ɗaya.
Na danna gyara. Ya jera su reras.
Taɓarya ta zama agogon asibiti,
babu mace a cikinta, babu kafaɗa.

Na warware.
Ashe makarar nan ce wurin da take jan numfashi,
inda hannun hagu mai ciwo yake karɓa daga dama.
Na zuba Baba a kai, ban auna ba,
sai tarinsa ya faɗa daidai cikin gurbin nan,
kamar shekara ashirin da shida ta bar masa wurin.

Wuta ta ɗauke bayan isha'i.
Duwatsun Birni suna amayar da zafin yini,
batir ya rage kashi tara.
Na kai mata tsakar gida, na sa mata abin ji a kunne.
Ta saurara, mafici ya tsaya a hannunta.

Ta ce, “Wannan turmina ne, na gane tsagarsa.
Amma wa ya ce maka haka yake magana?
Mutumin nan kullum kamar mota na jiransa.
Mayar da shi saurinsa.”

Na mayar. Goma sha ɗaya cif.

Ta gyara ɗankwali, ta dubi ƙasa.
“Tarin nan,” in ji ta,
“ɗan ƙara mini shi.”