Tabo a Gira

Ba kallonsu ya kai ni baje koli ba.
Allurar keke nake nema, da zare mai sauƙi,
sai na ji ihu bayan rumfar masu injin markaɗe,
na ce ko ɓarawo aka kama.

Ashe 'yan kwana-kwana ne, su goma sha ɗaya,
sun tuɓe manyan takalma sun jera a gefe,
fararen kaya, ɗamara iri-iri,
jar motarsu na baya a tsaye
kamar saniyar da ta ƙoshi.

Wata Laraba, ko kafaɗata ba ta kai ba,
ta kama ƙato ta hannun riga,
ta murɗa ƙugu,
sai ga shi rigingine yana ƙirga gajimare.
Mai rake ya manta da canjin mutane.

Mai lasifika ya ce kareti ne da judo,
da sassafe suke koyo a bayan ofis
kafin waya ta yi ƙara.
Wani a gefena ya ja tsaki:
"To wutar za su nausa?
Su fara zuwa da ruwa a tanki tukuna."
Aka yi dariya, har da ni.
Maganata ce, ta ari bakin wani.

Sai aka kira Habila.
Ya fito ba gaggawa, furfura ta fara masa sallama,
ya rusuna ya gaishe mu.
Da ya ɗago na ga girarsa ta hagu
a rabe biyu, gashi ya ƙi haye tsakani.
Tela ya san aikin hannunsa.
Ba ni na yi ɗinkin ba,
amma ni na yi yankan.

Shekara huɗu ke nan.
Daren da wuta ta cinye layinmu a Tudun Wada,
kayan sallar mutum talatin da biyu na shagona,
da keken da ban gama biya ba.
Motar ta iso bayan rufi ya zauna.
Ban tambayi me ya tsare su ba,
hannuna ne ya sami ɓallin bulo,
kuma ya san hanya.
Mai riƙe da tiyo ya girgiza kai kamar mai korar ƙuda,
jini ya rufe masa ido guda,
bai saki tiyon ba.
Shagon Isiyaku da ke jikin nawa ya tsira.
Nawa kuwa, sai almakashi na tono a toka.

Yau an ɗora masa bulo uku.
Ya daɗe yana kallonsu,
ya ja numfashi har ciki,
hannu ya sauka.
Wani ɓalli ya gangaro ya tsaya a bakin silifas ɗina,
daidai cikin tafi, daidai nauyin wancan.

Suka miƙa masa lasifika.
"Hayaƙi ba shi da haƙarƙari," in ji shi,
"ba don duka muke yi ba.
Don ƙafa ta tsaya ne, ranar da ciki ya ce a gudu."
Ya mayar, kamar ya yi magana da yawa.

Na bi layin masu gaisawa.
Tafinsa kamar bayan kuka.
Ya dube ni da ido biyu, bai san ni ba,
ko ya sani ya bar wa cikinsa.
Maganar da na ɗinka shekara huɗu
ta warware a maƙogwaro.

Na ce, "Rigarka ta farke a hammata."
Ya ɗaga hannu ya duba, ya yi dariya.
"Kawo Tudun Wada in kama maka."
"Nawa?"
"Kai dai kawo."

A motar Kawo na tuna ban sayi allura ba.
Aljihuna na dama ya rinjayi na hagu.