Kalmar Sirri

Ban gama kunun safe ba waya ta hau kuka.
Mairiga ne daga Funtuwa: "Me ya kai ka Kwatano?"
Na ce ga ni a Tudun Jukun bisa tabarma,
ruwan daren jiya ma bai tsane a tsakar gida ba.
Ya ce, "To, sunanka ya riga ka fita,
yana can yana roƙo ƙofa-ƙofa."

Wai an yanke min jaka a tasha,
wai fasfo ya tafi, a agaza kafin la'asar,
cikin wani gurgun Turanci,
ni da na shekara talatin ina gyara wa yara waƙafi.
Mutum ɗari huɗu da sha ɗaya suka samu:
tsofaffin ɗalibai, mai gidan haya,
har abokin aikin da muka shekara tara ba ma gaisawa.

Na tsallake cunkoson Kwangila zuwa Samaru,
shagon Kyauta, inda janareta ke tari a baya.
Yarinyar da na taɓa kayarwa a jarrabawa
ta ja min kujera, ba ta tuna min ba.

"Malam, ka latsa wani abu a makon nan?"
Na tuna saƙon fansho, wai a sabunta bayani.
Ta yi shiru irin na likita.
Ta buɗe jerin masu shiga:
ga ni, ga ni, ga ni,
ga wani da ƙarfe ukun dare
daga garin da harshena ya kasa ɗauka.
Ashe ɓarawon ya huda bangon baya,
duk amsar da ta zo sai ta zurare wurinsa,
ni a bar ni da akwati fayau.
Ta toshe ramin.
Ta kori baƙin na'urori ɗaya bayan ɗaya
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Ta ɗaure ƙofar da lambar wayata,
ta ce ko ni na zo, sai an tambaye ni sau biyu.

Sannan ta juyo min da allon.
"Sa tsohuwar kalmar sirri, mu canja ta."
Ta kau da ido, amma ta ji saurin yatsuna.
"Suna ne, ko? Suna ba ya tsaron gida, Malam."

Tabawa. Da shekarar aurenmu.

Damina shida ke nan da muka kai ta makwanci,
kuma kowace safiya yatsuna na kiranta,
nan ne kaɗai ya rage
da zan ambace ta a buɗe min.
Ban faɗa wa Kyauta ba.
Na karɓi sabuwar: haruffa, lambobi, alamomi,
tarkacen da bai taɓa jira na da fitila ba.

Na rubuta wa mutum ɗari huɗu da sha ɗaya:
ba ni ba ne, ku yi haƙuri, kar ku tura ko sisi.

Da na dawo, ga tsohon babur a ƙofar gida.
Yohanna ne daga Wusasa, rigarsa jiƙe da yayyafi,
dubu ashirin ƙunshe a leda cikin hula.
Bai yarda da banki ba,
ya zo tambayar wa zai kai min Kwatano.
Ya dube ni, ya dubi ledar,
muka yi dariya har tari ya kama mu.
Na aiki yaro ya sayo gasasshiyar masara,
muka ci muna kallon hadari na sauka kan Kufena.

Da daddare amsa ɗaya ta makaro,
daga mutumin shekara tara:
"Nawa kake buƙata?"
Har yanzu ban san me zan ce masa ba.

Da asuba na zauna gaban allo.
Kafin in lalubo takardar Kyauta,
yatsana ya riga ya sauka kan T.