Abin da Muka Cusa

Lafe suka zo, kamar fanken da aka zauna wa,
can ƙasan akwatin Isiyaka,
ƙarƙashin dabino da kwalbar turare.
Ya ce, Yaya, tumtum ne, daga Fas,
hannu ya ɗinka su, ba inji ba.
Na ce, wane irin tumtum ne bai ci abinci ba?
Ya ce, jirgi ba ya ɗaukar tumbi,
ke za ki ciyar da su.

Ɗaya ja, jan barkonon da ya sha rana.
Ɗaya kalar shayin da aka cika wa madara.
Farin zare ya kewaye kansu, tauraro cikin tauraro,
a wani lungu ɗinkin ya ɗan karkace.
A nan na ga mutumin:
ko an kira salla, ko yaro ya yi kuka.

Baba Gariba mai gyaran takalma
a bakin masallacin Aboabo
ya karɓa, bai duba ba, ya kai hanci.
Ya ce akuya ce.
Ya ce kakansa baduku ne, shi ya gaya masa
fatarmu kan bi raƙumi ta yi arewa
ta dawo da sunan wasu.
Ku yi mata sannu da zuwa, in ji shi, 'yar gida ce.

Auduga ta yi tsada a Kejetiya.
Na taya sau biyu, na dawo da kuɗina.
Sai na jawo adakar Inna
da ba wanda ya buɗe tun sadakar arba'in.

Zanen da take sayar da koko da shi,
gefensa duk ƙunar gawayi.
Kallabin Juma'a.
Rigar sanyin da garin nan bai taɓa ba ta dalilin sawa ba.
Wandon makarantar Isiyaka mai faci uku,
shi da yau yake hawa jirgi.
Na cusa, na danna da gwiwa, na ƙara,
Barikisu na miƙo mini tana cewa, har wannan?
Har wannan.
Ashe tumtum haɗamamme ne,
ya cinye adaka guda yana neman ƙari.
Na biyun ya ci nawa,
kayan da haihuwa uku ta raba ni da su.

Kujerun nan masu rigar leda,
shekara goma sha biyu ba su sha iska ba,
muka ba wa mai haya a ɗakin baya.
Muka shimfiɗa tabarma.
Na ɗinka matasai huɗu da guntayen atamfa,
ba wanda ya yi kama da ɗan'uwansa.
Ɗakin ya buɗe.
Rufin ma kamar ya ƙara tsawo.

Maame Afuwa ta shigo aron turmi,
ta zauna, gwiwa ta ƙi tashi.
Muka yi dariya har hawaye.
Shekara takwas muna ɗiba a famfo ɗaya,
sai ranar na ji sunan ɗanta da ya ɓata a galamse.
Wanda ya zauna ƙasa ba ya saurin sallama.
Turmin ma ta manta da shi.

Damina ta zo irin ta Kumasi,
fata ta fara furfura.
Na shafe su da man kaɗanya
yadda nake shafa wa Inna ƙafa
a watanninta na ƙarshe.

Da dare, in yara sun kwanta,
nakan zauna a kan jan.
A gefen hagu akwai wani ƙulli mai tauri,
girman kwabo.
Na san ko mene ne.
Inna ba ta taɓa barin haɓar zane babu ɗauri ba,
ko don goro, ko don wata rana.

Barikisu ta ce mu buɗe mu cire.
Na ce a bari.
Nakan juya shi ne kawai
ya zo daidai tafin hannuna.