Bakin da Ya Ƙi Abinci

Hawa na bakwai, birnin Ostrava,
ƙanƙara ta like taga tun Disamba.
Shekara talatin ina tuƙa jirgin cikin gari,
yau abin da nake tuƙi
lita ɗari uku ne na ruwan ɗumi
da duwatsun da na tsinto a bakin kogi
na dafa su a tukunyar miya.

Dangin karfasa ne, 'yan tafkin Malawi,
tafkin da ban sani ba sai a taswira.
Jikata Zdenka ce malamar:
"Kaka, mai ruwan ɗorawa da baƙin layi a gadon baya,
wannan ba ruwansa.
Shuɗin nan mai zane kamar rigar fursuna
shi ke da kogon hagu,
kada ka kawo masa mai kama da shi.
Ɗigon ƙwai a fiffiken ƙasa
galibi na maza ne,
amma kada ka rantse."

Na farkon da na kashe,
da alheri na kashe shi.
Jar tsutsa safe, jar tsutsa yamma,
har ciki ya kumbura kamar salka,
ya kwanta a yashi yana haki.
Oldrich mai shago ya dube ni ta saman tabarau:
"Vendelin, waɗannan makiyayan gansakuka ne,
hanjinsu dogo, ba na nama ba.
Ganye. Kaɗan.
Abin da za su share kafin ka ƙirga talatin.
Ran Lahadi ka bar su da yunwa."

Batun maƙwabta kuwa, lissafinsa a juye yake.
Biyu faɗa, uku kisa,
goma sha biyar kasuwa,
mugu ya rasa wanda zai bi.
Namiji ɗaya, mata huɗu.
Ƙananan nan masu jan wutsiya kamar mayafi,
kawo su nan kai kura gidan awaki ne a baibai.
Sai ya zuba mini kurungu huɗu a leda,
masu dabbare-dabbare, 'yan Tanganyika.
"Waɗannan ƙaya gare su," in ji shi,
"ba mai taɓa su."
Bai ce su ba sa taɓa kowa ba.

A Fabrairu wata mace ta daina ci.
Lemo, haka Zdenka ke kiranta.
Maƙoshi ya sauko, baki a rufe gam,
abinci na wucewa ta gaban hancinta
tana kawar da kai.
Na ce, shi ke nan, na sake.
Yarinyar ta haska tocila, ta ja hannun rigata:
"Duba ta fatar haɓarta. Idanu ne."

Kwana goma sha takwas tana azumi,
tana juya 'ya'ya a kan harshe.
Nakan tashi ƙarfe huɗu, tashin tsohon direba,
in zauna da shayi ina taya ta shiru.

Ranar da ta buɗe baki, shida suka fito.
Na goge gilashi. Na goge ido.
Gashin baki gare su.
Ashe ranar da take zuba ƙwai tana tsincewa
kurungu ya kutsa ya zuba nasa,
ta kwashe duka ba ta ƙirga ba.
Baƙin suka riga ƙyanƙyashewa,
suka cinye 'yan gida a cikin bakin uwarsu.

Inuwata ta faɗa kan ruwan,
sai ga ta a guje, ƙashi da fata,
ta wage baki tana kiran su ciki.

"Kaka, mu fitar da su?"

Ni da na tashi a gidan wanda bai haife ni ba,
na ci burodin 'ya'yansa uku,
aka saya mini takalmi kafin nasu.
Koma na hannuna, tana ɗiga a kan silifas.
Can ƙasa jirgin ƙarfe shida ya wuce,
ruwan ya ɗan girgiza.

"Bari ta fara cin abinci tukuna," na ce.