Ɗigo Talatin da Biyu

Ɗigo talatin da biyu a tsaye,
talatin da biyu a kwance:
fulotin da wasan ya yanka mini ke nan,
bai kai farcen babban yatsa ba,
a ciki kuma ake so in kafa kasuwa.

Masu wasan sun zana tasu,
rumfa ɗaya, tuffa uku a kwando,
tsit kamar gidan makoki.
Wanda ya taɓa ɓacewa a Kejetiya
ya san kasuwa ba ta tsayawa a yi mata hoto.

Na goge. Bayan ya fito,
gidajen dara fari da toka
masu nufin babu komai a nan.
Na shimfiɗa kwano mai tsatsa,
na aza lema, na aza mace da tire,
hawa bisa hawa har bakwai.
Da na kumbura shi, sai sha'awa.
Da na mayar da shi girmansa na gaskiya,
sai ka ce an murƙushe ƙuda a bango.

Baba Gariba na bayana a benci, da kofin koko.
Shekara talatin yana rubutu a goshin motocin Aboabo
kafin injin sitika ya cinye masa kasuwa,
kafin yana ta sauka a idonsa na hagu.
Ya ce, "Memuna, koma bakin ƙofa ki duba.
Mota ba ta jiran mai karatu.
Abin da ba a gane shi daga tsallaken titi ba,
ɓarin fenti ne."

Na cire kwanon. Na cire lemar.
Na cire matar, Allah ya ba ta haƙuri.
Tire ya rage, da tumatir biyar.
Daga bakin ƙofa: kasuwa.

Haka muka bi jerin, dare huɗu.
Ruwa, baƙin tanki a kan ƙafafun ƙarfe.
Sufuri, tirotiro da ƙofa a buɗe,
ɗigo biyu hannun yaron mota ne.
Ina tsakiyar zana ƙwan lantarki
aka ɗauke wuta, ban adana ba.
Baba ya yi dariya har ya ƙware:
"To ga alamar nan, ta zana kanta."

Saura ɗaya a ƙarshen layi. Rusau.
A wasan, katafila ce rawaya mai fara'a,
ka danna, unguwa ta ɓace,
a mayar maka da rabin kuɗinka.
Linzamin ya yi mini nauyi.
Na ga safiyar da aka zo shagonsa,
gwangwanayen fenti suna tuntsurewa cikin kwata,
shuɗi da kore suna tafiya tare
kamar suna da inda za su.
Ko sidi ɗaya ba a mayar ba.

Ban tambaye shi ba. Shi ya jawo bencin.
"Ba katafila ke fara zuwa ba.
Zana abin da ke riganta."
Ya ɗora hannunsa mai rawa a kan nawa,
muka ja jan layi daga kusurwa zuwa kusurwa,
muka ja wani ya gitta shi,
a kan bangon bulo mai ɗigo ashirin.
"Bari ya ɗan zubo," in ji shi.
"Wanda ya yi namu sauri yake,
burushinsa ma na banza ne."
Na ƙara ɗigo uku suna gangarowa.

Yanzu ƙanena Ɗantani ke buga wasan.
Ya gina gari, ya sa masa Asawase,
titunansa sai kwana suke sha
suna kewaye tsofaffin gidaje,
motoci sun cunkushe, akawun wasan na ta ƙorafi.
Na ce, me ya hana ka share hanya?
Bai ko ɗago ba.
Ya ce maɓallin can ba shi da kyan gani.