Taku Goma Sha Ɗaya

Aikina rubuta abin da aka faɗa a zauren majalisa.
Shekara ashirin da biyu ina kan kujerar nan
a Vilar de Seixos, can arewacin Fotugal,
garin da duwatsu suka fi mutane yawa,
suka kuma riga kowa zuwa.

Ran Talata aka baza taswira.
Injiniya ya zo daga birni da jan alƙalami,
ya kewaye kwamin wanki na bakin gada,
ya rubuta: wurin ajiye motoci, guda arba'in.
Ya ce ai kowa na da injin wanki a gida.
Gaskiya ya faɗa. Na rubuta.

Ga abin da ban rubuta ba:
dutse na uku daga hagu na mahaifiyata ne.
Ya lotsa daidai gwiwarta
yadda turmi ke koyon taɓarya.
A nan ta ji an ɗauki yayana soja,
a nan ta wanke rigarsa
da ta dawo gida ba shi a ciki.

Deolinda ce ta fara.
Shekara tamanin da ɗaya, da ƙarfe a ƙugu,
ta kwashe zannuwan gado masu tsabta fes
ta je ta sake wanke su cikin sanyin Fabrairu.
Washegari su huɗu ne.
Ran Asabar goma sha tara,
har da Gervásio mai gyaran keke
wanda ko hankici bai taɓa cuɗawa ba,
yana ta dukan wando kamar ya ci masa bashi.

Ba kowa ya bi ba.
Albano mai gidan abinci ya tsaya a ƙofa, ya ce
tarihi ba ya biyan kuɗin lantarki,
baƙi na wucewa don ba inda za su tsaya,
'ya'yansa biyu suna Faransa suna goge benen wasu.
Shi ma gaskiya ya faɗa.
Wata guda shi da Deolinda ba ko gaisuwa,
alhali ita ta riƙe shi ranar suna.

Malama Benvinda ta tono wata takarda
a ƙasan akwatin coci, asu ya ci gefenta:
sunayen mata talatin da suka ɗauko duwatsun a ka.
'Yan ajinta suka bi gida gida.
Sa hannu ɗari shida da goma sha biyu,
ɗaya da ɗan yatsa, ɗaya na wani da ya ce
shi dai a bar shi ya ci abinci.

Daren zama, minti uku uku aka ba kowa.
Deolinda ba ta ci ko ɗaya ba.
Ta ɗora jiƙaƙƙen zani a kan tebur
ta koma ta zauna.
Ruwa ya bi katako a hankali, a hankali,
ya iske jan layin nan,
ya narkar da shi har ya zama ruwan hoda.
Na riƙe alƙalami. Ban san me ake rubutawa ba.

Biyar da huɗu aka tashi.
A matsar da fili taku goma sha ɗaya,
motoci ashirin da shida,
kwami ya zauna.
Ɓauren da ke yi masa inuwa, shi ya biya kuɗin sulhu.
Ran Litinin aka sare shi, muna kallo.

Na rubuta: An amince da gyara.

Da magariba na sauka bakin gada,
na duba hagu da dama kamar ɓarawo,
na durƙusa a dutse na uku.
Gwiwata ta yi masa girma.
Ruwan kuwa, wayyo, sanyi,
ita ba ta taɓa faɗa mana ba.