Littafin Ɗakin Jinya

A makarantarmu ta Valdivia,
inda ruwan sama ba ya sallama kafin ya shigo,
ɗakina ne na ƙarshe, kusa da murhun itace.
Gado ɗaya, auduga, aidin,
da wani babban littafi mai gida uku:
suna, ciwo, magani.

Ran Litinin Baltasar ya shigo,
haɓo na ɗiga a farar riga, maɓalli biyu sun tafi.
Su huɗu suka tare shi bayan filin ƙwallo
don sun ga zare da allurar saƙa a jakarsa,
sana'ar da kakarsa ta koya masa.
Na rubuta: hanci, jini, auduga.
Shugaba ya gani, aka kira iyaye,
aka ɗaga murya, aka sa hannu a takarda.
Jini yana da baki, shi ke kai ƙarar kansa.

Na ce, "Yi kukanka, ba kowa a nan."
Ya cije leɓe, ya ƙura wa rufi ido.
Babansa, masunci a Corral, ya sha gaya masa
ruwan teku kaɗai ke jiƙa fuskar namiji.
Shekararsa goma sha ɗaya.
Ya haɗiye abin kamar ƙayar kifi,
ina kallo ta tsaya masa a maƙogwaro.
Wannan ban rubuta ba. Ba shi da gida a littafin.

Rayén kuwa sai an buga ƙararrawar abinci take zuwa.
"Cikina," in ji ta.
Na dafa goshi, sanyi ƙalau.
Ba ƙwarzane, ba kumburi, kitsonta bai motsa ba.
Ba wanda ya taɓa ta.
Ciwon ke nan: ba wanda ya taɓa ta.
In ta ajiye faranti, kujeru su janye
kamar kogi ya bar gaɓa.
Ranar bikin haihuwar Isidora an raba kati goma sha biyu;
'yan matan ajin, in ka cire mai biki, sha uku ne.
Gaban malama su yi mata murmushi har kunne,
a waya su raba sirrinta kamar alewa,
kuma wadda ta kai shi kasuwa
ita ce suka koyi ɗaure takalmi tare.

Na kai magana ofis.
"Ina shaida?" in ji shugaba.
"Sha'anin 'yan mata ne, gobe su shirya."
Shi ne dai ya ce da ni shekaranjiya,
bayan iyaye sun fita, "Maza, ai haka suke girma."

Wata Alhamis ɗakin ya haɗa su.
Shi da leɓe a fashe, ita da cikin nan nata.
Na juya baya ina dafa shayi.
Ya ce, "Ke kin huta, ba a dukanki."
Ta daɗe tana kallon tagar da ruwa ke wanke wa.
Ta ce, "Kai ka huta. Ana ganinka."

Shiru ya zauna tsakaninsu.
Can ya zaro zaren, ja ne, duk ya cukurkuɗe da taɓo.
Ta miƙa hannu biyu ba tare da an roƙe ta ba,
yana naɗewa, tana riƙewa,
har ya zama dunƙule kamar lemo.
Ban ji dariya ba. Ba zan ƙara gishiri ba.
Sai dai ta shanye shayin,
shi kuma ya share ido da gefen hannu
ya ce hayaƙin murhu ne.

Ƙararrawa ta kaɗa.
Ya bi hanyar da za a tare shi,
ta bi hanyar da za a kauce mata.

Na ɗauki alƙalami.
A gaban sunansa: leɓe, aidin.
A gaban nata na daɗe,
har tawada ta yi ɗigo.
Sai na sake rubuta ƙaryar da na saba:
ciwon ciki, shayi.